Bunu Mai Riƙon Tattasai

Ni ɗinkin buhu nake yi a kasuwar tattasai ta Diffa, da basilla da zare, tun gashin kaina yana baƙi. Sunana Awalu. Bafillace ne ni daga Fulatari, shanun gidanmu suka ƙare na gangaro gari. Duk manomin da ya kawo kaya sai ya bi ta hannuna, don haka na san su kamar yunwar cikina. Na san mai gaggawa, na san mai cusa ruɓaɓɓe a ƙasan buhu. Cikinsu duka ban ga mai taurin kai irin Bunu Kashim ba. Babarbare ne, wato bawana, haka nake kiransa, shi kuma ya ce mini ɗan bin wutsiyar saniya. Wasan kakanni ne, ba mai fushi.

A wani ƙauye na bakin kogin Komadugu aka haife shi, gaba da Geskeru. Ubansa manomin tattasai ne, kakansa ma haka. Ya tashi cikin ban ruwa da dashe da shanya, har tafin hannunsa ya rine ja, ba sabulun da ke fid da shi. Ba shi da babbar gona, amma yana da abu ɗaya da ya fi gona, wato haƙurin riƙe kaya. Lokacin da kowa ke rububin sayarwa saboda biki ko sallah, Bunu sai ya kawo buhunansa in ɗinke masa baki, ya mai da su gida ya jibge a ɗaki ya sa kwaɗo. Dillali ya bi shi har ƙauye ya taya, Bunu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Albarka." Ya ƙara, ya ce, "Albarka." Sai damina ta kama, kaya ya yi wuya, manyan motoci sun zo daga Najeriya suna jira babu lodi, sannan za ka ga bawan nawa ya shigo kasuwa da hula a karkace. Kullum yakan ce mini, "Awalu, mai bukata shi ke dawowa. Kai dai ka san abin da yake so, ka zauna a kai."

Kada wani ya ɗauka Bunu cikin masu tsoron allura yake. Sam. Manyan ƴaƴansa duka shi ya kai su likita a kan jaki, da tabon rigakafi a damtsensu. In aka ce masa allurar nan tana hana haihuwa, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a zo gidansa lokacin tuwo a ga yawan hannuwan da ke shiga kwano. Na faɗi wannan ne don in aka zo ƙarshen labari kada a ce jahilci ne ya ci shi. Wayo ne ya ci shi.

Shekarar da yaran daji masu bindiga suka ƙetaro kogi, aka ce mutanen bakin ruwa su tashi, Bunu yana da ɗaki cike da kaya yana jiran farashi. Ya fito da matarsa Ya Kaltum da yara da tabarma, kwaɗon ɗakin yana aljihunsa. Bai sake ganin buhu ɗaya ba. Na zaci wannan zai koya masa cewa ba kowane riƙo ke biya ba. Ina! Ya ce wannan ƙaddara ce, ba kasuwa ba.

Suka sauka a bakin kwalta, tsakanin Diffa da Geskeru, inda aka kakkafa rumfunan leda da zana, ƴan ƙasa da ƴan gudun hijira daga tsallaken kogi duk a cakuɗe. Da yake bakinsa ya iya Hausa, kuma kasuwa ta koya masa kallon babban mutum ido cikin ido, sai aka mai da shi mai magana da yawun sansanin. Ba bulama ba ne, wato mai gari, amma har bulaman ƙauyukan da suka taru nan sukan tura shi gaba.

Foraji ɗaya ke gare su, wato rijiyar burtsatse. Ya lalace. Mata suka koma tafiya mai nisa da bido, wato jarka, a ka, ko su sayi ruwa wurin masu amalanke, ruwan da in ka zuba a kwano sai ka ga ƙasa ta kwanta. Bunu ya yi ta zirga-zirga cikin Diffa, buro bayan buro, ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyi. Yau a ce patoro, wato shugaban wurin, ya yi tafiya, gobe a ce ba aikinmu ba ne, je ka wancan. In ya gaji ya zo rumfata ya zauna kan buhu, in ba shi ruwa ya sha, ya yi tsaki ya koma. Amma ka san abin da ba ya fashi? Ƴan matan rigakafi da akwatinsu mai sanyi. Ruwa bai zo ba, magani bai zo ba, mace ta yi naƙuda babu motar kai ta likita, amma su ga su nan bukka bukka, buɗe bakin yaro, ɗiga, shafa tawada a ɗan yatsa. Ban ga laifin ƴan matan ba, aiko su aka yi, rana tana dukansu kamar kowa.

Wata rana sun zo, Bunu ya dawo daga yawon buro ransa a ɓace. Suka ce a fito da yara. Ya ce ba za a fito da su ba, a je a gaya wa wanda ya aiko su cewa ƙishirwa muke ji. Fushi ne kawai, ba shiri. Maƙwabta da suka ji, su ma suka ja yaransu ciki.

Kashegari motoci suka zo. Farare, masu eriya. Da likita babba, da malami mai rawani, da wani mai kwat yana ta rubutu, da mutumin nan da aka ce ya yi tafiya. Aka shimfiɗa wa Bunu tabarma, ana ce masa Alhaji, alhali ko Agadas bai taɓa zuwa ba. Kafin mako ya zagayo an kawo sabulu da gidan sauro, motar ruwa ta fara zuwa, aka turo mai gyara ya lallaɓa forajin ya tashi.

Bunu ya shigo kasuwa da hula a karkace, irin yadda na daɗe ban gani ba. Ya zauna ya ce, "Ɗan bin saniya, na gano abin da suke saye."

Na ce, "Me kuma ka rage da shi na sayarwa, bawana? Ledar rumfa?"

Ya ce, "Bakin yaranmu. Duk duniya ba abin da suke so wurinmu sai shi. Mu kuma muna ba su kyauta, mu wawaye."

Na ajiye basilla. Na ce, "Bunu, tattasai in ka shanya ka rufe, shekara ba ta yi masa komai. Yaro ɗanye ne. Mu Fulani da kuke ce wa mutanen daji, ko maraƙi ba ma hana shi allura don mun yi faɗa da mai allurar."

Ya ce, "Wa ya ce hanawa? Riƙewa dai. Su zo mu daidaita, rana ɗaya a yi wa kowa."

Gyaran forajin bai yi ƙarko ba, ya sake mutuwa. Wannan karon Bunu ya tara maza. Aka yi alkawari da fatiha cewa babu yaron da za a ɗiga wa, babu jaririn da za a kai likita a yi wa allura, sai an haƙa sabon foraji mai tanki. A lokacin Ya Kaltum tana goyon autarsu Hanifa. Bunu ya karɓe ta daga bayan uwarta ya ɗaga ta gaban taron ya ce, "Ga tawa, ita ce ta farko. Wanda ya ga na kai ta, ya tofa mini yawu."

A cikin taron akwai maƙwabcinsa Nuraddin, ɗan gudun hijira daga tsallake, mai gyaran takalma, mutum mai sanyin magana da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Shi da matarsa Bintu sun daɗe ba haihuwa, sai a sansanin Allah ya ba su ɗa namiji, Muhsinu, sa'ar Hanifa. Bayan an watse ya bi Bunu, wanda yake kira Ba, wato baba, ya ce, "Ba Bunu, ni shi kaɗai gare ni. Babu komai dai ko?" Bunu ya dafa shi ya ce, "Tabarma ɗaya suke wasa da tawa. Abin da ya sami naka ya sami tawa. Ka ga na yi kama da mai wasa da ɗiyarsa?" Nuraddin ya ce to.

Motocin sun dawo sau ɗaya, sau biyu. Aka yi lallashi, aka yi barazana, aka ce za a auna wurin haƙa, har aka kafa turaku. Bunu yana ta albarka. Daga nan shiru. Ƙungiyar da ke kula da ruwan ta naɗe kayanta, aka ce kuɗi sun ƙare can inda suke fitowa. Masu kwat suka sami wani wurin da ya fi wannan ƙara. Ƴan matan rigakafi in sun zo sai su yi sallama daga nesa, a ce musu a'a, su zana alli a jikin kyauren kwano su wuce, ba mai biyo sawu. Turakun nan mata suka tuge suka yi girki da su.

A nan ne raina yake ɓaci har yau, kuma ba da Bunu kaɗai ba. Wanda ya koya wa talaka cewa ba a jin kukansa sai ya toshe bakin ɗansa, shi ma yana da kamasho cikin abin da ya biyo baya. Ka ba mutum sabulu ranar da ya ƙi, ka hana shi ruwa ranar da ya yarda, me kake so ya fahimta? Amma su suna da mota, sun tafi.

Na yi ta yi masa magana. Na ce, "Bawana, kasuwar nan ta watse, kwashe kayanka." Ya ce za su dawo, mai bukata shi ke dawowa. Na ga alama shi ma ya fara shakka, amma ya rantse gaban mutane, kuma Babarbare ya gwammace ya haɗiye garwashi da ya ce na yi kuskure. Haka Hanifa da Muhsinu suka yi rarrafe, suka yi tafiya, suka fara magana, tare da wasu yara da yawa da aka haifa bayansu, babu wanda allura ta taɓa.

Da bazara, lokacin da zafi ke fasa kai, ƙyanda ta shigo sansanin. Ta fara da zazzaɓi da jan ido da tari, sai ƙuraje su feso. Yaran da ba su ƙoshi ba, ruwan sha ba kirki, rumfa manne da rumfa. Manyan yara masu tabo a damtse suna yawo lafiya lau, ƙanana suna zubewa. Aka yi ta ɗauko su a amalanke zuwa Diffa, wasu a kai da rai, wasu a juyo a hanya. Ba zan ƙidaya ba. Na je gaisuwa har na daina sanin rumfar wa nake shiga.

Muhsinu ya kwanta. Hanifa ba ta rabu da shi ba, don ba wanda ya iya tsare ta, kofi ɗaya suke sha. Bunu ya zo mini a lokacin ya rame, ya ce, "Awalu, kowace safiya sai na buɗe bayan kunnenta in duba." Yana jira kamar mai jiran hukunci. Muhsinu ya rasu ranar wata Laraba da hantsi. Bunu ne ya ɗauke shi a hannu zuwa makwanci, don Nuraddin ya kasa.

Hanifa ko atishawa ba ta yi ba.

Mata ba sa barin irin wannan ya wuce. A layin masu sayen ruwa, gaban kowa, Bintu ta juyo ta dubi Ya Kaltum ta ce, "Yaya, don girman Allah ki gaya mini. An yi mata?" Ya Kaltum mace ce mai shiru, amma ba ta ƙarya. Ta ce, "An yi mata." Ashe tun Hanifa tana goye, duk lokacin da ta ce za ta Diffa wurin wata ƴar'uwa suna ko dubiya, likita take biyawa. Ba ta gaya wa mijinta ba don ta san halinsa. Ba ta gaya wa Bintu ba don ta san Bintu ba ta ɓoye wa Nuraddin komai, Nuraddin kuma ba ya ɓoye wa Bunu. Ta ce, "Ɗiyata ce. Ni ban yi fatiha da kowa ba." Bintu ba ta zage ta ba. Ta ajiye bidonta a nan ta tafi.

Kafin azahar magana ta gama sansanin, kuma ba yadda ta faru ta gama ba. Aka ce Bunu ya sa an yi wa tasa a ɓoye ya bar na mutane. Aka ce tun sabulun farko yana karɓar nasa daban. Wallahi bai sani ba. Na san shi shekara da shekaru, na ga fuskarsa ranar da ya zo rumfata bayan ya ji. Ya zauna bai ce mini ɗan bin saniya ba. Ya daɗe yana murza wani busasshen tattasai har ya zama gari a hannunsa. Sannan ya ce, "Ka san abin da ke kashe ni? Da ta gaya mini, murna na yi. Na shiga bayan rumfa na yi sujada. Ɗan Nuraddin ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba, ni ina sujadar godiya." Ya yi kuka a gabana, a tsakiyar kasuwa, ƴan dako suna kallo.

Bai saki Ya Kaltum ba, bai ko ɗaga mata murya ba. Da wane baki?

Da gawa ta yi yawa sai motocin suka dawo, wannan karon da allurar ƙyanda da tanti. Bunu ya bi rumfa rumfa yana roƙo a fito da yaran da suka rage. Waɗanda suka tsorata sun fito da nasu. Wasu da yawa kuwa suka ce jiya ya ce a ƙi, yau ya ce a karɓa, ke nan an biya shi kuɗin da yake jira. Wani tsoho da ya rasa jikoki biyu ya tuna masa abin da ya ce gaban taro, ya tofa masa yawu a riga. Bunu bai goge ba. Masu tantin suka yi kwanakinsu suka naɗe. Forajin yana nan a mace, har yau ruwan amalanke ake sha.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Babu mai iya zuwa buro ya shaƙe mai kwat, Bunu kuma ya riga ya zama gawa mai tafiya, sai abin ya koma kan yarinya. In Hanifa ta fito wasa, uwaye su kira nasu. Yara suka sa mata suna ƴar cin amana ba su ma san ma'anarsa ba. Ita kuwa kullum sai ta je ƙofar su Muhsinu ta tsaya, don ba wanda ya iya yi mata bayanin da ta gane. Wata rana Bintu ta jawo ta ta rungume, tana shinshinar kanta tana kuka, ta ƙi saki, yarinya tana ihu, sai da mata suka ɓamɓare ta.

Da yammacin ranar Nuraddin ya yi sallama a ƙofar Bunu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ya ce, "Ba Bunu, ban zo faɗa ba. Na yarda ba ka sani ba, ko kowa bai yarda ba. Yarinya kuma ba ta da laifi, Allah ya raya ta. Amma matata za ta haukace. Don Allah ka ɗauke mana ita daga ido."

Da zagi ya yi, da Bunu ya sami abin riƙewa. Tashi da iyali duka kuma ba zai yiwu ba, katin abincinsu na sansanin ne, gona tana inda ba a zuwa. Ya Kaltum tana da ƙanwa, Zainaba, da ke aure a Damagaram. Aka aika mata, ta ce a kawo.

Ni na raka su tasha, don wani direba da na sani ne zai tafi, matarsa kuma tana cikin motar, ita za ta riƙe yarinyar. Ya Kaltum ba ta zo ba, ta ce ba za ta iya ba. Bunu ya zo da Hanifa a kafaɗa, an yi mata kitso, an sa mata rigar sallah da ta ɗan yi mata kaɗan, kayanta a ƙullin zane. Na saya mata ƙosai. Tana ci tana kallon motoci, har tana nuna wa ubanta wata mai hoton zaki. Sai da yaron mota ya fara kiran fasinja, Bunu ya miƙa ta ta taga, ta ga shi bai shigo ba, sannan ta daina tauna.

Ta ce, "Baba, don ban yi ciwo ba ne?"

Bunu ya tura mata ƙullin kayanta ta taga.

Ta ce, "To in na yi ƙyanda a can, sai ka zo ka ɗauke ni?"

Direba ya tada mota. Bunu ya riƙe ƙarfen tagar yana bin ta da sauri, yana cewa, "Kada ki yi, uwata, kada ki yi," har motar ta fi ƙarfin ƙafarsa ta hau kwalta.